Neman Hannun Kakanka a Faya-fayan da Suka Rasa Suna

Unguwar Shanu, Kaduna.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba. Na cusa ta a akwatin kaset ne don na san shi za ka fara buɗewa, tun kafin ka waiwayi yaji da kilishin da mahaifiyarka ta ɗaure maka. Da baki na so in yi maka maganar nan, amma ka san halina. In na fara nasiha, kafin in kai tsakiya ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana ta "to, Baba" alhali hankalinka yana wani wuri. Takarda ba ta ɗaga murya, sai ka karanta ta a natse.

Ka ce mini aikin da zai kai ka Ingila shi ne ka koya wa kwamfuta ta ɗauki kiɗa biyu ta faɗi iyakar kamarsu da lissafi. Ranar da ka gaya mini na yi shiru, ka zaci ban gane ba ne. Na gane sarai. Abin da ya ɗaure mini harshe shi ne na daɗe ina wannan aikin da fensir da kunne. Takardun nan da kuke ganina da su a kan tabarma kuna yara, kuna cewa Baba yana zanen dara, ba dara ba ce. Ubana nake nema.

Ka san kakanka Audu, wanda ka ci sunansa, makaɗin mahauta ne, da kalangu ya ciyar da mu. Ka ji abin da kawunka na Unguwar Rimi ya ce ranar da aka taru yi maka addu'a: "Yanzu Malam Isa, duk karatun yaron nan a kan kalangu zai ƙare? Ga banki, ga kamfanonin mai?" Ka kuma ji amsar da na ba shi, cewa kalangun nan shi ya yi wa mijin ƙanwarsa wandon makaranta. Ban yi nadamar faɗa ba, ko da yake mahaifiyarka ta yi kwana biyu tana ba ni tuwo ba magana. In wani ya tambaye ka a can wane ne kakanka, ka faɗa da bakinka duka, kada ka tauna.

Abin da ba ka sani ba shi ne wannan. Ina makarantar kwana aka kira kakanka gidan rediyo aka ɗauki kiɗansa. Shekarar da na kama aiki a wannan gidan a matsayin mai ɗaukar sauti, a cikinta ya rasu. Abin da na tabbata nasa ne guntu ɗaya ne tak, a ƙarshen wani tsohon shiri: mai gabatarwa ya ambaci sunansa, ya yi kiɗan da bai kai tsawon alwala ba, aka yanke. Shi ne kaset ɗin da na naɗe da jan ƙyalle. Amma Mista Yohanna, tsohon injiniyanmu, ya tabbatar mini da hannunsa ya ɗauke shi, kuma yini guda suka yi, ba guntu ba. Sai wata damina kwanon sito ya yi yoyo, takardun da ke manne a jikin faya-fayan suka jiƙe suka saɓule, kowane faifai ya zama ba shi da suna. Da aka tashi zubar da su na roƙa aka bar mini na kalangu. Su ne na kwafe maka a sauran kaset ɗin. Ina kyautata zaton kakanka yana cikinsu, kuma ina son in san wanne ne shi kafin in bar duniya.

Ba don in ɗora maka kaya na faɗa maka ba. Na faɗa ne don ramukan da za ka tarar a hanya na riga na faɗa cikin yawancinsu, kuma ba na son ka tafi har ƙasar wasu ka maimaita wautar da ubanka ya yi kyauta a Unguwar Shanu.

Da agogo na fara. Na ɗauko agogon auna lokaci na situdiyo, na auna saurin guntun kakanka, na ce duk faifan da bai yi wannan saurin ba, ba shi ba ne. Da haka na ware fiye da rabi na tura ƙarƙashin gado, ina jin kaina wani babban mai bincike. Ni da ke aikin ɗaukar sauti, ni ya kamata in fara tuna cewa rikodar da ake fita da ita waje, in batirinta ya yi sanyi, takan ja zare a hankali, in an dawo an ɗora a injin situdiyo sai kiɗan ya fito da gudu kamar an biyo makaɗin. Ban farga ba sai da na ji muryar wani ƙaton maroƙi ta koma ta yarinya. Kuma ko inji lafiyarsa ƙalau, mutum ba inji ba ne. Kiɗan da kakanka ke yi da safe ana fiɗa saurinsa daban, wanda yake yi in samarin mahauta sun shiga fili daban. Saboda haka kada ka bar na'urarka ta tsaya ga auna tazarar bugu da daƙiƙa. Ta gwada kowace tazara da 'yar'uwarta: wannan ninkin waccan ce, waccan rabin ta gabanta ce. Wannan ba ya sauyawa, ko an ja kiɗan ko an kora shi.

Daga nan na koma littafin lissafi irin naku na firamare, mai gida-gida. Ina raba zagayen kiɗa gida-gida, inda aka buga in sa ɗigo, inda aka yi shiru in bar shi fari. Sai in jera layin kakanka a sama, na faifan da nake tuhuma a ƙasa, in ƙirga gidajen da suka saɓa. Wanda saɓaninsa ya fi ƙanƙanta, shi ne mafi kusa. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har na nuna wa Mista Yohanna. Ya duba ya duba, ya ce, "Isa, wannan ya yi kyau a ido. To, a kunne fa?" Na ji haushinsa, na naɗe takarduna na fita.

Gaskiya ce ya faɗa. Ka duba da kanka. In makaɗi ya gusar da bugu ɗaya zuwa gidan da ke kusa, lissafina zai ce gida biyu sun saɓa, wanda aka bari da wanda aka koma. In kuwa ya zubar da bugun gaba ɗaya, gida ɗaya ne kawai ya saɓa. Ka ga ke nan lissafina yana cewa wanda ya tashi daga benci ya tafi gida ya fi kusa da inda yake a da, a kan wanda ya ɗan muskuta. Wane mai hankali zai yarda da haka? Ni na yarda, na shekara ina yarda, don lambobi ne suka faɗa, kuma ni na haife su. Ka sa na'urarka ta tambayi nisan da kowane bugu zai taka kafin kiɗan nan ya koma wancan, ta kuma ɗauki ɓacewar bugu da nauyin da ya fi gusawarsa. Kuma duk ranar da lissafinka ya faɗi abin da kunnen kowa ya ƙi, kada ka ce kunnuwan mutane ne suka lalace. Ka koma ka binciki abin da ka ce wa na'urar ta ƙirga, ita ba ta san komai ba sai abin da ka zuba mata.

Wani ramin kuma na farawa ne. Ina fara ƙirga daga bugun farko da na ji a faifai. To, wa ya ce nan ne farkon kiɗan? Nan ne dai mai ɗaukar sauti ya danna maɓalli, wataƙila bayan ya gama gyara hularsa. Kiɗa zagayawa yake yi, ba shi da kai ba shi da wutsiya a kan zare. Kiɗa ɗaya, in an kama shi daga wurare biyu, sai ya fito a takardata kamar baƙi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Da na gane haka na sa almakashi na yanke layukan, na haɗa bakin kowanne da gam ya zama zobe, ina juya ɗaya a cikin ɗaya har ɗigo ya hau ɗigo. Mahaifiyarka ta shigo ta same ni da zobban takarda har gwiwar hannu, ta ce, "Malam, in awarwaro kake sha'awa ai sai ka faɗa a sayo maka na gaske."

Sai kuma na zarce. Da juyi ya yi mini daɗi, komai ya koma kama da komai. Na haɗa kiɗan mahauta da wani kiɗan 'yan mata na dandali na ce abu ɗaya ne, don zobensu ya hau juna daidai. A zobe ɗaya suke, amma inda ƙafar mai rawa ke sauka daban ne, kuma wannan saukar ita ce kiɗan. Ka bar na'urar ta juya, dole ta juya, amma ka ba ta turke. Ka saurari kuntuku, ƙaramar gangar nan da ke bin kalangu a baya ba ta sauya baki, ita za ta nuna maka inda ƙasa take. In faifai ba shi da kuntuku, ka rubuta cewa ba ka san turkensa ba, kada ka ƙirƙira masa.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, ita ce kuma dalilin takardar nan.

Bayan na gyara duk waɗannan, faifai ɗaya ya fito ya hau guntun kakanka ɗigo a kan ɗigo. Na saurara, na ce shi ne. Ban tsaya shawara da kowa ba, na kwafe shi a kaset na hau babur sai Kinkinau wurin gwaggonka Asabe, wadda ta girme ni, ta kuma fi ni daɗewa da mahaifinmu. Tun daga zaure nake cewa, "Yaya, na samo Baba! Na samo shi!" Ka lura, ban kunna ba tukuna na riga na gaya mata abin da za ta ji. Da kiɗan ya tashi ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi shi ne, Isa, ko a kabari aka tashe ni na san hannun nan." Ta yi kuka, na yi. Ta tara 'ya'yanta da maƙwabta, ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Duk Juma'a in ta idar da salla sai ta kunna kaset ɗin ta zauna ita kaɗai.

Bayan wasu watanni wani dattijon makaɗi daga wajen Funtuwa, ana ce masa Ɗanjuma, ya zo gidan rediyo za a yi shiri da shi. Don alfahari na ce bari in jiyar da shi kiɗan ubana. Bai daɗe yana saurare ba ya fashe da dariya ya ce, "Af! Ai ni ne wannan, ɗana. Jira ka ji, yanzu zan yi tari, mura nake yi ran nan." Muka kasa kunne. Tarin ya zo daidai inda ya ce.

Babana, ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma kunyar ba ta kai baƙin cikin ba. Dole na koma Kinkinau na faɗa. Gwaggonka ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta zare kaset ɗin daga rikoda ta miƙo mini ta ce, "Isa, sau biyu ke nan kana binne mini uba. Kada ka ƙara shigo mini da kaset gidan nan sai ka tabbata." Har yau ban ƙara ba, kuma har yau in na je gaishe ta sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.

Kama da wane ba ta wane, kowa ya san wannan, ni ma na sani tun ina yaro. So ne ya rufe mini ido. Ita ma gwaggonka ba ƙarya ta yi ba, abin da na sa mata a kunne shi ta ji. Saboda haka kada ka ce kunne ya fi lissafi, kada ka ce lissafi ya fi kunne, kowannensu yana bin mai shi inda zuciyarsa ta karkata. In za ka jiyar da mutum kiɗa don ya yi maka shaida, ka rufe bakinka har ya gama. Kuma kafin ka tambayi na'urarka abin da ba ka sani ba, ka fara tambayarta abin da ka riga ka san amsarsa. Na sa maka kaset na makaɗan da ni da kaina na ɗauka, da sunayensu a jiki, kowanne na ɗauke shi a ranaku daban-daban yana taken mahauta. In ba ta iya haɗa mutum da kansa ta raba shi da maƙwabcinsa ba, ba ta isa a tambaye ta kakanka ba, komai kyan lambobin da take fitarwa.

Amma Allah bai bar ni na tashi a banza ba ran nan. Da Ɗanjuma ya ga yadda fuskata ta koma, ya daina dariya ya ce in sa masa guntun na gaskiya. Ya rataya kalangunsa ya bi shi. Ya bi sau ɗaya, ya sake, sai ya tsaya yana girgiza kai. Ya ce, "Take ɗaya muke yi da mutumin nan, amma a bugun sama kullum ina riga shi isa. Kamar akwai abin da yake jira kafin ya sauke hannu." Nan take na tuna. Wani sa ya taɓa buga kakanka da bango a mahauta, kafaɗarsa ta hagu ba ta ƙara komawa daidai ba. Ka san da hammatar hagu ake matse igiyoyin kalangu murya ta hau. Tasa matsar tana zuwa a hankali, shi kuwa ba ya yarda ya buga sai muryar ta kai inda yake so. Shi ya sa bugunsa na sama ke makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Na daɗe ina jin wannan makarar. Ka san abin da nake yi da ita? Ina cewa kuskuren tsoho ne, in tura ɗigon cikin gidan da ya fi kusa don layi ya yi tsaf. Da hannuna nake goge ubana daga takardar, sannan in zauna ina mamakin ban same shi ba. Gida-gida yana nuna maka wane kiɗa ake yi, kuma duk makaɗan mahauta take ɗaya suke yi. Wane hannu ne ke yi, wannan yana cikin abin da ya ƙi shiga gida. Ka kiyaye wannan fiye da komai. Malamanka na can za su koya maka hanyoyinsu, ka koya da kyau, kada ka yi musu girman kai, sun riga ka a fagen. Amma in aka ce a share ɗan saɓanin nan don lissafi ya yi sauƙi, ka ajiye na asali a gefe ka auna shi daban.

A nan nawa ƙarfin ya ƙare. Fensir ba ya kama abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kunnena kuwa abin saurare na situdiyo ya cinye shi. Na hagu ya tafi, ka sani, shi ya sa nake juyo muku da dama. Na daman ma likita ya ce in daina yi masa dogon buri. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, kada ranar da za ka ce ga shi ta zo ni kuma ba na ji. Duk da haka ban yarda ka yi gaggawa saboda ni ba. Gaggawa ce ta kai ni Kinkinau.

Akwai faifai ɗaya a cikin akwatin nan da zuciyata ta kwanta a kansa shekara da shekaru. Ban sa masa alama ba, kuma kada ka tambaye ni, ba zan faɗa ba ko ka yi fushi. Na san ka, kana da tausayi irin na mahaifiyarka. In ka san wanda nake so, za ka yi ta murɗa lissafin nan kaɗan-kaɗan har ya faɗi abin da zai faranta mini, kuma ba za ka san kana yi ba.

In bincikenka ya nuna faifai ɗaya, ka aiko mini da shi tare da hujjarka da kuma iyakar shakkarka. In ya nuna guntun ya yi gajarta, ba za a iya yanke hukunci da shi ba, ka faɗa haka, ba gazawa ba ce. In kuwa ya nuna kakanka ba ya cikinsu sam, ka rubuto da hannunka ka ce, Baba, babu shi. Zan ji zafi, amma zan sa rigata in tafi Kinkinau in gaya wa gwaggonka, mu yi masa addu'a mu haƙura. Abu ɗaya ne ba zan yafe maka ba, ka ba ni uban wani don ka ga na tsufa.

Kuma ko babu shi, ban sallame ka ba. Duk wanda ke kiɗa a faya-fayan nan akwai gidan da aka yi makokinsa, wataƙila akwai wata tsohuwa a Kawo ko a Tudun Wada da ba ta san muryar kalangun ubanta tana ƙarƙashin gadona ba. Ka gama karatunka ka dawo da abin awon da za a amince da shi. Kai ka auna, ni in hau babur in bi gidajen mahauta ina tambaya, har mu mayar wa kowa da nasa.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko rana ta ƙi fitowa. Ka sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, kuma ka ci abinci, kwamfuta ba ta san mutum yana jin yunwa ba. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Mista Yohanna ma ya ce in gaya maka yana jira. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya buɗe maka ƙirji, ya ba ka ƙarfin faɗar gaskiya ko ga wanda kake so. Allah ya jiƙan mai sunanka, ya dawo mana da kai lafiya ina sauran ji.

Mahaifinka,
Isa